Ɓarawon Da Ya Cire Takalmi

Ranar Laraba da hantsi Sulafa ta hau saman benensu a unguwar Arba wa Nus da ke Alƙahira, ta zura hannu ƙarƙashin tankin ruwa ta zaro makulli inda ta saba ajiye shi, ta buɗe ɗakin ɗinkinta. Keken ɗinki na nan, almakashi na nan, har tsohuwar wayar da take sauraron waƙa da ita tana kan taga. Sandar da ta rataye kayan gasa ce kawai ta tarar babu komai a kanta.

Tun bayan ƙaramar salla take aikin kayan nan. Doguwar riga ce shuɗiya mai faɗin hannu, da sulke na ƙirji da kafaɗa da ta yanka daga soso ta yi masa fenti har ya koma kamar ƙarfe, da mayafin da ta ɗinka yadda zai rufe mata kai ba tare da ya ɓata shigar ba. Shiga ce ta wata jaruma a katun ɗin Japan. Ranar Juma'a za a yi gasar masu irin wannan shiga a Alƙahira, kuma wanda ya zo na ɗaya za a kai shi babban taro a birnin Osaka na Japan. A Osaka ne yayanta Munzir yake karatu.

Kafin azahar saman benen ya cika. Matasan da ke haɗuwa a nan duk ranar Alhamis su kalli katun sun zo, maƙwabta sun zo, kowa da abin da yake faɗa. Ba a fasa ƙofa ba, an kuma mayar da makulli mazauninsa, don haka na gida ne. Mutum uku aka san sun san maɓoyar makullin: Sulafa, da Husam, wanda shi ma zai shiga gasar, da Ukasha, ɗalibi ɗan Kano da ke zaune a unguwar Darrasa.

Husam ne ya fara kama suna.

"Makon jiya a gabanmu Ukasha ya ce bai kamata mace ta hau dandamali maza na ɗaukarta hoto ba," in ji shi. "Jiya kuma da la'asar an gan shi a layin nan da ƙatuwar jaka. Me ya rage?"

Aka kira Ukasha a waya, ya zo bai san abin da ke jiransa ba. Samari biyu suka tsaya a bakin matakala don kada ya sauka. Ba wanda ya kawo zancen 'yan sanda, domin rabin mutanen da ke wurin iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Amma Husam ya ce zai kai magana wurin shugaban ɗalibai, kuma kowa ya san ɗalibin da aka liƙa wa sata yana iya rasa gurbinsa.

Hajiya Fatuma, mahaifiyar Sulafa, ba ta iya hawa bene saboda ciwon ƙafa. Daga ɗakinta a hawa na biyu ta aiko da saƙo: kada wanda ya taɓa yaron mutane, a kira Baba Bakri.

* * *

Baba Bakri mutumin Mai Wurno ne a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, garinsu ɗaya da su Sulafa. A can sana'arsa bin sawu: idan aka kore shanu ko raƙuma, shi ake tasowa. Yaƙi ya kawo shi Alƙahira wurin 'yarsa, kuma tun zuwansa bai bi sawun komai ba. Yakan ce garin nan duk kwalta ne, ƙasa ba ta riƙe maganar kowa.

Ya hau a hankali yana hutawa. Da ya iso ya dubi taron, ya ce kowa ya koma jikin bangon can ya tsaya.

Sa'a ɗaya aka yi: ana ƙara hawa a ginin maƙwabta, ƙurar siminti ta kwanta a saman benen fari fat. Tsakiyar fili an tattake shi, ba abin karantawa. Baba Bakri bai tsaya a nan ba. Ya bi gefen tanki, ya tsuguna, ya tashi. Ya je ƙofar ɗakin, ya daɗe yana duban wani wuri a hagu, dab da bango, inda ƙafar kowa ba ta kai ba.

"Sulafa, zo ki gani, amma kada ki matso."

Sawun takalmi ne guda biyu, a jere kafaɗa da kafaɗa, bakinsu na kallon waje.

"Nan ba tsayuwa aka yi ba," ya ce. "Da mutum ne a ciki da sun nutse. Ajiye su aka yi. Ya zo yana fuskantar ƙofa, ga sawunsa nan. Ya cire, ya sunkuya ya juya su da hannu, ga inda yatsunsa suka share ƙura. Sannan ya shiga da safa."

"Ɓarawo ya cire takalmi?" wani ya tambaya daga jikin bango.

"Abin da ƙasa ta ce ke nan."

Ya leƙa cikin ɗakin. Ƙurar da ke shigowa ta taga ta yi siririn shimfiɗa a kan tayil, kuma a bayan keken ɗinki, inda Sulafa ba ta taka ba da safe, akwai sawun safa. Baba Bakri ya tsuguna a kansa. Sulafa ta ga fuskarsa ta canza, ta ga leɓensa na motsi kamar mai addu'a. Da ta tambaye shi, ya ce ba komai, gwiwa ce ke damunsa.

* * *

Ya zaunar da Ukasha a kan bulo a inuwar tanki.

"Ɗana, me ya kawo ka unguwar nan jiya?"

"Yara nake koya wa karatu a bayan masallaci, Baba, duk Talata. Jakar da aka gani littattafansu ne."

"Maganar da ka faɗa wa Sulafa fa?"

Ukasha ya sunkuyar da kai. "Na faɗa, kuma har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya da abin ba. Amma ni na raka ta kasuwar Ataba muka sayo soson nan. Ni na riƙe mata shi tana fenti. Tun ina firamare a Kano nake kallon katun ɗin nan, Baba, a Darrasa ba ni da wanda zan yi hirarsu da shi, shi ya sa nake tahowa har nan. Faɗar ra'ayi daban, shiga ɗakin mutum daban."

Baba Bakri ya dubi ƙafarsa. Silifas ne na fata, diddigen dama ya cinye. Ya ce ya tashi ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ukasha ya taka. Tsohon ya bi sawun da kallo.

Sai ga wata yarinya daga cikin masu kallon katun ta ce, cikin jin nauyi, ita ta san wanda ke juya takalminsa haka. Duk idanu suka koma kan Husam.

Gaskiya ne. Husam ya ɗauki al'adun Japan ya ɗora wa kansa: da tsinke biyu yake cin taliya, yakan rusuna in zai gode, kuma ko gidan wa ya shiga sai ya juya takalminsa bakinsu ya kalli ƙofa. Kuma in Sulafa ba ta shiga gasa ba, shi ne ke da damar zuwa na ɗaya a cikinsu.

"Haka ake yi a can," in ji Husam, muryarsa ta sauka. "Kowa ya san ina yi. Amma wallahi jiya ina wurin aiki a Madinat Nasr har magariba."

"Wa zai shaide ka?"

"Maigidana ya yi tafiya. Ni kaɗai ne a shagon."

Samarin da suka tare matakala saboda Ukasha suka fara kallon juna. Baba Bakri ya sa Husam ma ya taka. Tsawon ƙafarsa ya yi daidai da sawun da ke bakin ƙofa, har tsohon ya sa shi ya sake takawa. Daga nan ya ce kowa ya tafi harkarsa, a dawo gobe bayan la'asar, kuma duk wanda ya taɓa wani kafin lokacin, shi da Hajiya ne.

* * *

Da suka rage su biyu, ya ce wa Sulafa, "'Yata, wannan juya takalmin, a ina Husam ya koya?"

"A wurin Yaya Munzir. Bidiyon da yake turo min nake nuna musu."

Ta zauna kusa da shi ta buɗe wayarta. Baba Bakri bai taɓa ganin Osaka ba. Ya ga wani kogi siriri a tsakiyar gari, gine-gine a gefensa sun cika da fitilu da alluna, mutane na ɗaukar hoto a kan gada. Ya ga kasuwa mai rufi doguwa, wani mutum na juya ƙananan dunƙulen ƙullu da tsinke a kan kasko mai ramuka. Ya ga layin da Sulafa ta ce duk shagunansa na 'yan tsanan jaruman katun ne, da ranar da ake rufe titin matasa su fito cikin shigarsu, wani da takobin roba ya fi shi tsawo, 'yan sanda na gyara musu hanya. Ya ga filin wasa cike da mutane suna rera waƙa ɗaya baki ɗaya, tsofaffi da yara, kowa da riga iri ɗaya. A bayan kowane hoto muryar Munzir ce ke bayani da Hausa, yana dariya.

"Ya ce in na zo zai kai ni layin nan da kansa," in ji Sulafa. "Baba, ba don Japan kaɗai nake so ba. Bai zo ba lokacin da Babanmu ya rasu. Inna kullum zancenta shi. Na ce ko ni in gan shi da idona, in dawo in gaya mata."

"Nuna min na takalmin."

A bidiyon an ga ƙafafun Munzir suna hawa matakalar wani gida, ya tsaya a ƙofa, ya cire takalmi, hannunsa ya sauko ya juya su, ya tura su hagu jikin bango. Sannan ya taka cikin ɗaki da safa. Baba Bakri ya ce ta maimaita. Ta maimaita.

"Yaushe rabon da ki ga fuskarsa yana magana da ke kai tsaye?"

Sulafa ta yi tunani. "An daɗe. Ya ce kyamarar gaban wayarsa ta lalace. Murya muke yi."

"Ya san inda kike ajiye makulli?"

"Ba abin da ba na gaya masa. Har jiya ya kira da safe ya ce in gaishe da likitan Inna, don ya san za mu asibiti." Ta dube shi. "Me ya sa kake tambaya, Baba?"

"Ina son sanin wa kuma zai iya jin labarin," ya ce, ya miƙe. Bai yi mata ƙarya ba, amma bai kalle ta ba.

* * *

A bakin layi Husaina ke sayar da shayi, kujerunta na roba a jere jikin bango. Ba abin da ke shiga layin ko fita ba ta gani ba. Baba Bakri ya zauna ta zuba masa mai na'ana'a.

"Jiya da la'asar, ban da malamin yara, wa ya fita da kaya?"

"Mutum ɗaya. Dogo, da hula da takunkumi a fuska, kamar mai mura. Ya shiga hannu wofi, ya fito da baƙar leda babba ya rungume ta kamar jariri. Ledar ta kama kujerata ta faɗi, ya ɗaga min, ya ce ma'alish, in yi haƙuri, ya ɗan rusuna."

"Kamar Husam?"

"Husam in zai rusuna sai ya tabbatar ana kallonsa. Wannan bai ma san ya yi ba."

"Takalminsa fa?"

"Baƙi na roba, mai rufaffen baki. Irin na masu aikin kicin a manyan gidajen abinci. Ɗan 'yar'uwata na da irinsa." Ta rage murya. "Ya tsaya can wajen shagon gas ya daɗe yana kallon tagar Hajiya kafin ya hau tuktuk, keken nan mai ƙafa uku. Na ɗauka mai neman gidan haya ne."

Baba Bakri ya shanye shayinsa. Tun a ɗakin ɗinki ya ga abin da ya tayar masa da hankali: ƙafar hagu mai buɗewa waje, diddige na ɗan ja kafin ya ɗaga. Shekara da shekaru ya san wannan tafiyar a turɓayar Mai Wurno. Tafiyar Sulaimanu ce, mahaifin Sulafa, wanda ya rasu a hanya suna gudun yaƙi. Ƙafar Husam ta yi daidai a tsawo, amma a miƙe yake takawa. Namiji ɗaya Sulaimanu ya bari.

* * *

Washegari da safe ya kira Ukasha ya tambaye shi inda ake sayar da abincin Japan a garin nan. Ukasha ya duba wayarsa ya ce akwai a unguwar Zamalek, akwai a unguwar Ma'adi. Suka fara da Ma'adi. A metro, jirgin ƙasan cikin gari, Ukasha ya so ya yi tambaya, tsohon ya ce ya bari tukuna.

Ba su shiga ta gaban ko wane gidan abinci ba. Baba Bakri bayan gidajen yake bi, inda ake zubar da ruwan wanki kuma ma'aikata ke fitowa shan iska. A nan ƙasa a jiƙe take, bishiyoyin Ma'adi sun hana rana busar da ita. Wurare da dama suka duba ba komai, har gwiwar tsohon ta fara gardama, Ukasha ya ce ko su koma Zamalek. A bayan wani ƙaramin gida mai jan fitila a ƙofa, tsakanin kwandon shara da famfo, Baba Bakri ya tsaya. Ya ce wa Ukasha ya jira shi a bakin titi.

Ya zauna a kan wani akwatin lemo. Ba a jima ba ƙofar kicin ta buɗe, wani dogon saurayi ya fito da bokiti. Ya rame, amma goshin na Sulaimanu ne.

"Munzir."

Bokitin bai faɗi ba. Munzir ya ajiye shi a hankali, ya tsuguna kamar yadda ake yi wa manya a gida, ya ce, "Baba Bakri, ina kwana." Daga nan ya kasa ɗaga kai.

"Lafiya lau. Kayan suna nan?"

"Suna ɗakina. Ko zare ban taɓa ba. Na yi niyyar ranar Asabar in mayar."

"Bayan an gama gasa."

"Eh."

Tsohon ya matsa masa wuri a kan akwatin. Munzir ya zauna, ya yi magana yana kallon famfo.

Ya ce duk abin da ke cikin bidiyon gaskiya ne, shi ya ɗauka, da ƙafarsa ya taka wuraren. Abin da bai ɗauka ba shi ne sauran. Ɗakinsa da in ya miƙa hannu yana taɓa bango biyu. Jirgin safe da mutum ɗari ke ciki ba mai ce wa wani uffan. Mutanen kirki ne, in ka yar da laima za a ajiye maka ita, tsohuwar da ke ƙasan gidansu har lemo take rataye masa a ƙofa, amma sai ya yi mako ba wanda ya kira sunansa. Ranar hutu yakan je layin 'yan tsanan nan ko filin wasa ya shige cikin taro don kawai ya ji hayaniya, ya ɗauko wa Sulafa hoto.

"Da labarin rasuwar Babanmu ya zo, ina ɗakin gwaji. Na fita na zauna a tashar jirgi har yamma. Daga ranar kaina ya daina ɗaukar karatu. Ina buɗe littafi ina ganin hanya da mutane a kai. Malamina ya yi haƙuri da ni iyakar yinsa. Tallafin ya ƙare ban gama ba, takardar zama ta bi shi. Sudan ba ta komuwa. Na sauka a nan tun kafin azumi."

"Ka zo gida?"

"Ranar da na sauka. Da jakata na zo har ƙasan taga. Na ji Inna tana ce wa wata mata, in ɗana ya gama digirinsa a Japan zai ɗauke mu daga nan. Baba, sun rasa gida, sun rasa Babanmu. Ni kaɗai ne abin da bai lalace ba a wurinsu. Na juya."

"Sai ga Sulafa za ta Osaka."

"Za ta ci, Baba. Na ga kayan a hoto, da na shiga ɗakin na gan su da idona na san za ta ci. Ta sauka a can ta nemi wa?"

Baba Bakri ya dube shi. Sannan ya nuna bakin titi da haɓa.

"Ka ga yaron can? Jiya an tsare shi a saman benenku kamar ɓarawo. Yau kuma unguwa na kallon Husam. Bayan la'asar zan wanke su biyun, wannan dole ne. Za a tambaye ni to wane ne. Ban taɓa bin sawu na dawo na ce ban gani ba alhali na gani. Amma na fi son ka riga bakina."

Ya dafa kafaɗarsa ya miƙe.

* * *

Bayan la'asar saman benen ya fi jiya cika. Sulafa na tsaye a ƙofar ɗakinta, idanunta sun kumbura. Husam na gefe ɗaya, Ukasha na ɗayan.

Baba Bakri ya fara da Ukasha. Ya ce sawunsa ya tsaya a bayan masallaci, bai hau benen nan ranar Talata ba, kuma wanda ya shiga ɗakin ya fi shi tsawon ƙafa. Ya juya kan Husam. Ya ce shi ma ya zarge shi jiya, don tsawon ya yi daidai kuma al'adar tasa ce, amma Husam a tsakiyar ƙofa yake barin takalminsa inda za a gani, kuma tafiyarsa ba ita ba ce.

"Wanda ya shiga ɗakin nan bai zo da ƙiyayya ba," ya ce. "Ya cire takalmi. Ya naɗe kayan bai ja su ba. Ya kulle ƙofa don kada wani ya ɗauki keken. Ɗan gida ne, amma ba ya cikinku."

"To wane ne, Baba?" in ji Husam.

Tsohon ya dubi bakin matakala. Ba kowa. Ya jira, taron ya fara gunaguni. Ya ja numfashi, ya juya ga Sulafa zai yi magana, sai waɗanda ke kusa da matakalar suka dare.

Munzir ya fito rungume da baƙar leda. Ba hula, ba takunkumi. Da yawa daga matasan muryarsa kawai suka sani, sai da ya yi sallama suka gane shi. Ya taka har gaban ƙanwarsa ya ajiye ledar.

Sulafa ba ta kalli ledar ba. Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannayensa da ruwan wanki ya tsattsage.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Ranar salla da ka kira ka ce kana bakin kogin nan mai fitilu?"

"Ina Ma'adi."

"Metro ɗaya da ƙaramar bas ɗaya," ta ce a hankali. "Muna nan mu biyu, Inna ta ƙi cin abinci tana cewa ko ka samu wanda za ka yi salla da shi."

Munzir ya buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ba ni za ka fara ba wa haƙuri ba."

Ya juya ga Ukasha ya nemi gafara a gaban kowa, sannan Husam. Husam ya kasa kallonsa. Munzir ne mutumin da ya daɗe yana kwaikwayo. Ya tafi wurin Ukasha ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ustaz, bakina ya yi sauri. Ka yafe min." Ukasha ya ce khalas, ya wuce.

Baba Bakri ya sallami mutane. Suka sauka a hankali.

* * *

Su uku suka tsaya a ƙofar hawa na biyu. Munzir ya ce ko Baba Bakri zai fara shiga ya shirya ta. Tsohon ya ce aikinsa ya ƙare a sama. Sulafa ce ta tura ƙofar.

Hajiya Fatuma na zaune a kan gado, ƙafarta a kan matashi. Ta daɗe tana kallon wanda ya shigo. Munzir ya durƙusa a gaban gadon ya fara bayani, karatun, takardar, Ma'adi, kalmomin na hawa kan juna. Ta bar shi har ya kai ƙarshe.

Gasar ranar Juma'a Sulafa ta shige ta, Munzir ya ɗaukar mata leda, Ukasha ya zauna a layin baya bai ɗauki hoto ba amma ya yi tafi. Ta zo ta biyu. Wata 'yar Iskandariya ce ta tafi Osaka. Sulafa ta yi makonni tana amsa wa yayanta magana a gajarce kafin ta sake masa, shi kuma ya kwaso kayansa ya dawo gida, yana zuwa aikinsa daga nan.

Amma abin da aka fi maimaitawa a layin shi ne abin da Baba Bakri ya ji daga bakin ƙofa a yammacin nan, bayan Munzir ya yi shiru. Hajiya ta kama fuskarsa da hannu biyu ta ɗaga.

"Na baro mahaifinka a bakin hanya, ban san ko zan gane wurin ba in na koma," ta ce. "Kai kuma kana da rai, kana garin da nake, kana tsammanin takarda nake jira?"

Ta saki fuskarsa ta juya ga 'yarta.

"Sulafa, ɗora ruwan tuwon asida. Dubi yadda ya koma."